Ranar da Kofur Ta Ci Jarrabawa

Duk wanda ya zauna Rikoto, ko da na wata guda ne, ya san Saje Ezekiel. In bai san fuskarsa ba, ya san hon ɗin motarsa. Surukina ne, uban matata Gladys, don haka abin da zan faɗa a kansa da gumina na same shi, ba a bakin kasuwa na tsinto ba.

Shekara ashirin da takwas ya yi a soja yana tuƙa manyan motoci yana gyara su. Da ya yi ritaya ya dawo gida da akwatin sifanu, da ciwon gwiwa, da wata tsohuwar Fijo mai dogon baya, ruwan ƙasa, wadda ya raɗa wa suna Kofur. Dalilinsa shi ne kofur na ƙasa da saje, saboda haka dole ta bi oda. A wurin Baba mota ba ta lalacewa, sai dai ta yi rashin ɗa'a. In ta ƙi tashi da safe sai ya tsaya a gabanta, ya riƙe ƙugu, ya yi mata magana da muryar fareti, sannan ya buɗe kanta. Abin da ke ba ni haushi, yawanci sai ta tashi.

Ba wanda ya taɓa zama a kujerar direban Kofur sai shi. Shekarata goma sha tara da auren 'yarsa, ina da lasin tuƙi, ina koyar da lissafi a sakandare, yara na ce mini Malam Dominic suna rusunawa, amma muƙamina a motar nan bai taɓa wuce turi ba. Makullin kuwa a wuyansa yake kwana, a jikin wata tsohuwar igiyar takalmin soja.

Babban aikin Kofur ranar Lahadi ne. Baba ya ƙi sauya majami'a tun da aka haife shi, don haka kowace Lahadi sai an tafi sujada Manga, ƙauyensu na asali. Shi a sitiyari, matarsa Mama Keziah a gefensa, mu kuma a baya tare da duk wanda aka tsinta a hanya. Mama a gida ba mai yawan magana ba ce, sai ka wuni ba ka ji muryarta ba. Amma a 'yan shekarun nan, da zarar mota ta tashi sai bakinta ya buɗe.

"Kai, Baban Gladys, dubi shanun nan a hannun dama, sun yi ƙiba. Oho, ramin nan na gaban gada har yanzu ba su cike shi ba. Ga wani mai babur can tafe da buhu biyu, ko ina za shi da sassafe haka?"

Haka za ta yi ta yi har Manga. Ni da Gladys mukan taɓa juna a baya muna danne dariya, muna cewa tsufa ya zo wa Mama ta baki.

Wata Lahadi bayan an yanke gero Mama ta kwana da zazzaɓi, Gladys ta zauna jinyarta, ni ma na fake da haka na huta. Baba ya tafi shi kaɗai. Ya isa Manga lafiya, amma a harabar majami'a Kofur ta nufi turken da aka rataye ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota, ta rungume shi. Ƙararrawa ta kaɗa minti arba'in kafin lokaci, mata suka fito a guje da ɗankwali a hannu. Ba wanda ya ji ciwo. Baba ya fito ya duba gaban motar, ya ce abu biyu ne: gilashi ya yi hazo, kuma wani ya matsar da turken. Turken nan tun kafin a haifi Gladys yake wurin.

Sai 'ya'ya suka yi taro. Gladys da Baba a falo, ƙanenta Prosper a waya daga Kaduna, ni kuma a bakin ƙofa inda ya dace da suruki. Takardun Kofur sun kusa ƙarewa, kuma ba a sabuntawa sai jami'an duba motoci sun gwada ta sun ba da shaidar lafiyarta. Prosper ya ce akwai wani kamfanin dillancin motoci da ya kafa rumfa a Zuru na mako guda, a fara kai musu ita su duba. Gladys ta ƙara da nata sharaɗin.

"Baba, in motar nan ta faɗi gwaji, za ka ba mu makulli. Ka daina tuƙi."

Ta yi imani ba yadda za a yi Kofur ta ci. Baba ya dafa igiyar wuyansa, ya dube ta ta gefen ido.

"In Kofur ta faɗi, na ajiye. In ta ci, kada wanda ya ƙara yi mini maganar makulli a gidan nan. An ji?"

Aka ce an ji.

A rumfar dillalai wani ma'aikaci mai farar rigar aiki wadda ko ɗigon baƙin mai babu ya zo da na'ura a hannu, ya durƙusa yana neman inda zai jona ta a jikin Kofur. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya leƙa bayan rediyo. Baba ya bar shi ya yi ta nema har gumi ya keto masa, sannan ya ce, "Ɗana, lokacin da aka ƙera wannan, na'urarka ko mafarkinta ba a yi ba. Sa hannu." Amma a faɗi gaskiya, da suka ajiye na'urar sun yi aiki. Awa biyu suka yi a kanta, suka ba mu takarda mai layi-layi, ja da rawaya da kore.

Baba ya miƙo mini. Ya ce saje ba ya karanta rahoto, karanta masa ake yi. Na karanta ja: bututun man birki na yoyo, takalman birki sun cinye, tayarod, ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, na kaɗawa, salansa ta huje, tayoyin gaba sun suɗe, babu tukunyar kashe gobara. Yana ta gyaɗa kai, babu wanda ya musa. Sai na zo kore.

"Fitilun gaba, lafiya. Gilashin gaba, lafiya."

"Me ka ce?"

Na maimaita.

"Ka ji marasa ido! Abu biyu da suka dame ni shekara biyu, su ne lafiya? Fitilar da ba ta kai ta ƙwai haske ba? Gilashin da kullum kamar an shafa masa koko?" Ya karɓe takardar ya ninke. "Wanda bai ga wannan ba, ba zai taɓa mini birki ba. Mu tafi gida, Malam. Ni da kai za mu yi."

A al'adarmu saurayi kan yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi mata, shi ake kira golmo. Ni saboda makaranta aka ɗauke mini, na kuwa yi ta alfahari da hakan a gaban tsarana masu kanta a hannu. Ashe Baba bai manta ba. Kwana goma sha biyu na yi golmona a gindin mangwaron gidansa, daga tashi makaranta har faɗuwar rana, kuma na rantse noma ya fi sauƙi, don gona ba ta ɗigo wa mutum man birki a ido.

Amma zan faɗi abin da na gani. Tsohon nan ya iya aiki. Zai shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ya rufe idonsa ruf, yatsunsa su bi bututu har su tsaya daidai inda yake yoyo. In na miƙa masa sifana, kafin ta gama sauka a tafinsa zai ce, "Sha uku na ce, wannan sha biyu ce." Na tambaye shi don me yake rufe ido, ya ce a soja da ido rufe ake kwance bindiga a ɗaura, ido na farar hula ne. Ya sauya bututu, ya sauya takalman birki da tayarod, ya kai salansa aka yi mata walda, Prosper ya aiko da tayoyi biyu. Ranar fitar da iska daga birki ana bukatar wani ya riƙa taka feda. Na ce yau dai zan zauna a kujerar nan. Ina! Durƙusar da ni ya yi a bakin ƙofa, na riƙa danna birki da hannu yana ba ni oda daga ƙasa, "Danna! Riƙe! Saki!" Ɗalibaina biyu mata suka wuce suka gaishe ni a haka.

Da aka gama abin da dillalai suka rubuta, sai aka shiga abin da soja ya rubuta. A bariki, in babban hafsa zai zo duba kaya, duk abin da ba ya motsi sai a shafa masa farar ƙasa, abin da ke motsi a goge shi. Na shafa wa gefen tayoyi farar ƙasa, har da tayar ajiya da ba mai ganinta. Na goge kan batir da burushin haƙori. Abin da babu kuma, a bariki aro ake yi daga ɗakin da aka riga aka duba. Nan maƙwabcinsa Malam Arzika ya shigo, wani Bakabe mai jigilar fasinja zuwa Wasagu, da jar tukunyar kashe gobara a hammata.

"Saje, ga ta, amma hwa ka maido min kahin azahar ranar, akwai wani direba shina jira. Wagga tukunya da kaka gani, ta ci jarrabawa ta hi a ƙirga. Ba ta taɓa hwaɗuwa ba."

"Tana da wani abu a ciki kuwa?" na tambaya.

"Malam, mi ya kai ka ciki? Ba a taɓa buɗe ta ba, ba a taɓa jin kunya ba."

Saura abu biyu da dillalai suka ce lafiyarsu lau, su ne kuwa suka fi cin ranmu. Baba ya sauya ƙwan fitila sau uku. Bai gamsu ba, ya samo wasu manyan fitilun tirela guda biyu ya ɗaura a gaba. Da magariba aka kunna, zakarun Malam Arzika suka yi cara, wani mai keke ya faɗa kwata. Baba ya leƙo ta taga ya ce da ɗan dama-dama. Gilashi kuwa na wanke shi da omo, na goge da jarida, da toka, da lemun tsami, da man goge baki. Kowane karo sai ya zauna ya duba ya ce ni ne nake ƙara dagula shi, hannun alli bai iya komai ba. A ƙarshe ya sa aka kawo wani gilashin daga wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Kontagora, ana gobe gwaji.

Da la'asar muka ciro tsohon, ni da Malam Arzika, Baba na ba da oda. Gwiwarsa ta motsa, ya ce zai shiga ya ɗan miƙe, kafin ya fito mu ɗaura sabon. Yana shiga aka kira salla, Malam Arzika ya tafi masallaci. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga gilashi ba, sai na jingina shi a gindin mangwaro kusa da tsohon, na zauna ina jira.

Baba ya fito da wuri. Ya zagayo yana dafa jikin motar, ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerarsa, ya kama sitiyari ya dubi gaba. Sai ya yi tsaki.

"Malam Dominic! Wannan ne sabon? Ai ya fi tsohon hazo. An cuce mu a Kontagora. Kawo tsumma!"

Ina tsaye a gaban motar, tsakanina da fuskarsa babu komai sai iska. Gilasai biyu na jingine a bayana. Da ya ga na yi jinkiri sai ya jawo tsummansa na kullum daga gefen kujera, ya miƙa hannu zai goge da kansa. Hannun ya wuce. Ya fito waje har gwiwar hannu, tsumma na lilo a saman kan motar.

Ya bar hannun a wurin. Ya motsa yatsunsa a hankali. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. A ƙofar kicin na hangi Mama Keziah da tiren dawa, ta tsaya, sannan ta juya ta koma ciki.

Baba ya janye hannunsa, ya ninke tsumman gida huɗu.

"Gwada ka nake yi."

"To, Baba."

Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya, don na tuna hanyar Manga da gangarenta da 'ya'yana a kujerar baya. Malam Arzika ya dawo muka ɗaura gilashi. Ban gaya wa Gladys ba. Na yi ta juya maganar a baki, amma suruki ba ya tona asirin uban matarsa a kan tuwo, kuma na san in ta ji, da ƙarfi za a cire igiyar nan daga wuyansa a gaban jikoki.

Da safe muka kama hanyar filin gwaji, Mama a gaba. "Kai, dubi mai kwano can ya baje kaya har bakin titi a hagu. Wannan jakin kuma tsakiyar hanya ya ga ya dace ya tsaya." A karo na farko ban yi dariya ba. Na ga yadda sitiyari ke bin kowace kalma tata, na ji kunyar duk dariyar da na yi mata a baya.

Mun riga kowa isa. Baba ya fito cikin rigar da aka yi wa guga har tana iya yanka, ya sa hannu ɗaya a baya, ya shiga zagaya filin da sandarsa. Ya taka daga inda ake tashi zuwa farin layin da ake tsayawa, leɓensa na motsi. Akwai durom biyu da mota ke ratsawa da baya; ya taɓa na farko da sanda, ya taka zuwa na biyu, ya dawo. Direbobin da suka fara taruwa suna ta nishaɗi, suna cewa tsohon soja ya zo duba fareti. Ni malamin lissafi ne, na san mai ƙirga taku in na gan shi.

Filin ya cika da masu addu'a, Musulmi da Kirista, kowa na roƙon motarsa ta ci. Ni kaɗai nake roƙon tamu ta faɗi. Jami'ar da ta zo kanmu wata mace ce mai tabarau, Bushira aka rubuta a ƙirjinta. Tana duba bayan mota na matsa kusa na rage murya.

"Ranki ya daɗe, tukunyar nan fa ta aro ce."

Ta ɗaga ta, ta leƙa gindinta. "Ai mun saba. Wannan zuwanta na tara a watan nan. Takardata cewa ta yi a ga tukunya a mota. Amma ku sayi taku, wuta ba ta san aro ba." Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ɗansa ne ko abokin gabarsa?"

"Surukinsa ne."

"Oho," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Fitilun tirela ta ce a cire, na ji sanyi a raina, na ce ga faɗuwa ta zo. Baba ya zaro sifana daga aljihu ya kwance su a tsaye cikin minti biyar, idonsa a rufe. Ta gwada hon, ta toshe kunne. Ta girgiza tayoyin gaba, ko motsi. Sannan ta ce kowa ya sauka, direba ya ja zuwa farin layi ya taka birki, ya dawo da baya tsakanin durom biyu.

Mama ta sauka ta tsaya kusa da ni. Ta kama bakin gyalenta ta murɗe. Kofur ta tashi, ta miƙe, ta yi ƙiii ta tsaya da tayoyinta a kan layi kamar an auna da rula. Ta dawo da baya ta ratsa tsakanin durom ɗin ba ta shafi ko ɗaya ba. Direbobi suka yi tafi. Jami'ar ta ce rabon da ta ga birki irin wannan a tsohuwar mota har ta manta, ta tambayi garejin da ya yi. Baba ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna mata. Ta buga hatimi, ta sa hannu.

Shi ke nan, na ce a raina. Ya ci. Ba mai sake yi masa maganar makulli, kuma Lahadi saura kwana uku.

Ya miƙo mini takardar. "Karanta." Na karanta. "Sake." Na sake. "Wurin fitila da gilashi me ta rubuta?"

"Lafiya, Baba."

"Su ma dillalai haka suka ce."

"Haka suka ce."

Ya daɗe yana shafa hatimin da babban yatsa. Sannan ya gyara tsayuwa, ya haɗa dugadugansa, ya sa hannu biyu ya ciro igiyar daga wuyansa. Wurin da ta kwanta shekara da shekaru ya yi fari a fatarsa.

"Malam Dominic, ka zama shaida. Kofur ba ta faɗi ba. Ka gaya wa matarka da na Kaduna, ba wanda ya ƙwace mini makulli, ni na miƙa." Ya laluba ya kamo hannuna ya danƙa mini. "Litinin ka kai ni wurin likitan ido. Su ma su rubuta nasu ja da kore."

Na ce, "To, Baba." Hawaye ya cika mini ido, na yi kamar ƙura ce, ko da yake ba lallai ne ya gani ba.

Haka na zauna a kujerar direban Kofur bayan shekara goma sha tara, na kuma gane cewa golmona bai ƙare ba, kowace Lahadi ce har abin da Allah ya yi. Baba ya zauna a gefena da tsummansa a cinya. Kafin mu fita daga filin ya riga ya gaya mini ina cin kulochi, ina riƙe sitiyari kamar mai tuƙa tuwo, kuma a tsaya a mai da wa Arzika tukunyarsa kafin azahar.

Mun wuce kasuwa, mun wuce mai kwano da jakinsa, sai ya karkata kai yana saurare.

"Maman Gladys ta yi shiru."

Na duba madubi. Tana kujerar baya, ta jingina kai da taga, bakin gyalen ya saki daga hannunta.

"Ta yi barci, Baba."

Da ya sake magana, muryar fareti ta tafi.

"Rage gudu, kada ka tashe ta. Shekara biyu tana gadi ba wanda ya canje ta."